Waken Yaya Habu a Kwamfutar Turawa

Sanyin ƙasar Holand ya caje ni a ƙofar filin jirgi kamar ɗan sandan kan hanya. Ya shiga aljihu, ya shiga wando, ya leƙa har ramin haƙorin da aka cire mini tun ina saurayi. Na tsaya da babbar rigata ina salati, haƙorana suna wani kiɗa da ko mai kalangu sai ya tsaya ya koya. Ni ne Tanko, malamin gona daga wani ƙauye a ƙasar Bagwai, mai tumbi da 'ya'ya bakwai, wanda kafin wannan rana iyakar duniyarsa Zariya.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don kada a ɗauka yawon buɗe ido na je. A shekarun nan ne da man fetur ya tashi, taki ya bi shi, maganin feshi ya tsallake su duka, har manomi ya koma kallon buhun taki kamar yadda ake kallon motar gwamna. Ana cikin haka aka kawo sabon irin wake, wanda masana suka taɓa ƙwayar halittarsa yadda in tsutsa ta ci sai ta mutu. Wasu suka karɓa hannu biyu. A ɗaya gefen kuma wani ɗan kasuwa ya ƙulla magana da yayana, Yaya Habu, cewa zai kwashe tsohon wakenmu kanannado ya fita da shi waje, da sharaɗi guda: kada a sami ko ɓurɓushin sabon a ciki. Yana da abin gwaji. In ya gwada ya ga gauraye, ya bar masa kayansa ya kama gabansa. Yaya Habu kuwa baki goma sha tara ke ci a gidansa, kuma a kan wannan cinikin ya jingina shekararsa gaba ɗaya.

Gonakinmu a haɗe suke kamar tabarmin masallacin Juma'a. In ka yi atishawa a taka, maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. Ƙudan zuma kuma ba ya neman izini kafin ya ɗauki garin furen wannan ya kai wa wancan. To ratar taku nawa Yaya zai bari tsakanin wakensa da na maƙwabta? Sai ga gurbin kwas na wata biyar a Holand a kan wannan magana daidai, mutumin da aka so turawa kuma fasfonsa ya mutu. Aka duba ofis, aka ga ni.

Da na kira gida in ce na sauka lafiya, Yaya bai ko tambayi jirgi ba.

"Tanko, taku nawa?"

"Yaya, ko takalmi ban cire ba."

"To cire. Amma ka sani, da gero ya kai gwiwa zan sa wake. Kafin nan nake son amsa."

Zangon farko, tashar jirgin ƙasa. A nan na ji an ce "Sannu Alhaji" a bayana, na juya kamar an kira ni daga Aljanna. Wani ne mai suna Bala, ya ce shekararsa tara a ƙasar, kuma shi ba ya iya ganin ɗan gida cikin wahala. Na rungume shi har da ƙwalla. Kafin la'asar ya sayar mini da rigar sanyi da keke, ya ce a garin nan marar keke gurgu ne. Ya ba ni lambar waya da har yau ba ta taɓa shiga ba.

Rigar na sa ta kwana tara ina taƙama, ina ganin mutane suna murmushi ina cewa ashe Turawa akwai fara'a, kafin a gaya mini ta mata ce, kuma ta masu ciki. Ni dai na ga ta zauna wa tumbina daidai. Keken kuma ranar da na jingina shi a bakin wani kanti, wata tsohuwa mai farin gashi ta tsaya ta dafa sirdin tana kallona. Nata ne, an sace shi watan jiya. Na yi rantsuwa da Hausa, na yi da Turanci, na fara ta Larabci. Na riga na hango kaina a gidan yarin Turawa da rigar masu ciki. Tsohuwar ta dube ni tun daga hula har ƙasa, sai ta fashe da dariya. Ta karɓi kekenta, ta ce in biyo ta. A bayan gidanta ta fito mini da keken marigayi mijinta da kwat ɗinsa, ta ce in dawo da su ranar da zan tafi. Sai na yi wa mijin addu'ar da ban san ko ta halatta ba.

Zango na biyu, aji. Malamarmu Farfesa ce, doguwa, in tana magana da ni sai na ɗaga kai kamar mai duban wata. Ba ta da mugunta, amma dariya a wurinta kamar a kanti ake sayenta. Abin da take koyarwa shi ne yadda za ka gina ƙauyen ƙarya a cikin kwamfuta. Ka zana gonaki, ka ce wannan sabon iri, wannan tsoho. Ka saki ƙudan zuman ƙarya, ka hura iskar ƙarya, ka ce wa na'ura ta yi damina dubu a jere. Ita kuma ta gaya maka sau nawa jinin sabon ya tsallaka cikin tsohon, kuma daga wace tazara.

Da baki abin daɗi. Da na zauna gaban allon, sai na gane yatsuna an halicce su don fartanya ne. In na nufi harafi ɗaya sai uku su fito. Kwamfutar ta tsane ni tun ganin farko. Na sa mata girman gonar Yaya, ta ce kuskure, wai wannan bai kai gona ba. Na sa ta Gwaggona, ta ce ko dai wurin ajiye mota nake nufi. Na ce mata a gona ɗaya akwai gero da dawa da wake da gyaɗa, da kuɓewa a gindin kuka, sai ta ɗauke wuta gaba ɗaya. Wani ɗan Indiya da ke zama kusa da ni, Arun, shi ya ji tausayina. Ya ce gonar kakansa ma haka take. Shi ya zauna ya lallashi na'urar har ta yarda cewa mu ma mutane ne.

Abinci kuwa kada a tambaya. Burodi da cuku da safe, burodi da cuku da rana, da yamma a juya cukun ya koma ƙasa. Na rame har kwat ɗin marigayin ya fara yi mini kallon baƙo. Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne rashin gaisuwa. Na shiga bas na yi sallama, na tambayi na kusa da ni gida da iyali da gajiya, ya tashi ya canza kujera. Akwai ranar da na tsaya a bakin wata gona na gaida saniya, don ita kaɗai ta dube ni a ido.

Wata biyu ana wannan fama, ƙauyena na ƙarya ya ba da amsa. Ashe furen wake mai rowa ne, yawanci shi ke yi wa kansa barbara tun bai buɗe ba, abin da ƙudan zuma ke ɗauka kaɗan ne, kuma ba ya nisa da shi. Kwamfuta ta ce 'yar rata kaɗan ta wadatar. Arun ya ba ni hannu. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, na ɗauki takardar na sami Farfesa.

"Ranki ya daɗe, akwai abin da ba mu sa ba. A garinmu ƙudan zuma ƙaramin ɗan aike ne. Manyan 'yan aiken suna da ƙafa biyu da mayafi."

"Ban gane ba."

"Iri. In na wani ya lalace, maƙwabci zai ɗibar masa. In mace ta je ganin gida, da ƙullin iri take dawowa. A garwaya da na gida a shuka. Ba wanda yake hana iri."

"Abin sha'awa," in ji ta, da fuskar da ba ta nuna sha'awar komai. "Gida nawa? Sau nawa? Daga wa zuwa wa? Kawo mini a rubuce. Abin da ba a rubuta ba, ba shi da ƙofar shiga na'ura."

Na ce wannan ai sauƙi. Na tsara tambaya guda ɗaya tak: a shekara biyun nan, wa ka ba irin wake? Na fara cike tawa don in nuna misali, na rubuta ba kowa. Na tura wa maiɗakina Hajara, wadda malama ce a Islamiyya, na ce ita ta bi mata, Yaya ya bi maza.

Bayan sati biyu amsa ta zo daga gida arba'in da uku. Ba kowa. Ba kowa. Ba kowa. Sau arba'in da uku. Garin da in ka tsaya a bakin hanya da ƙwarya sai ta cika kafin ka gama hamma, wai ba wanda ya taɓa ba wani ƙwayar wake.

Farfesa ta duba ta ce, "To ka ga. Sifili."

"Ranki ya daɗe, ba sifili ba ne."

"Kana nufin mutanenka ƙarya suka yi?"

"Subhanallahi! Liman yana ciki fa."

"To gaskiya suka faɗa."

"A'a."

Ta cire tabarau ta aje. Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Na ce a wurinmu mutumin kirki ba ya faɗin kyautar da ya yi. In ka ce na ba wane iri, ka yi masa gori, ka tona cewa rumbunsa ya gaza, ladanka kuma ya ƙone. Ta saurara da kyau, sannan ta ce ta yarda da ni, amma ba ta da gurbin lada a lissafinta. In na kasa kawo shaida, amsar ƙudan zuma ce za ta shiga rahoto.

Na fito ina huci kamar tsohuwar tifa a kan tudu. Na hau keken marigayi na yi ta zagaya garin ina masifa da Hausa. Na zagi Bala, na zagi cuku, na zagi wanda ya bar fasfonsa ya mutu. Ruwan ƙasar, wanda ba ya sauka kamar na mutane sai dai ya zo ta gefe, ya yi mini dukan tsiya.

A satin ne Yaya ya kira. A bayan muryarsa ina jin kaji da turmi.

"An yi ruwan shuka, Tanko. Gero ya tsaga ƙasa."

"Alhamdulillahi."

"Bar alhamdulillahin nan tukuna, ka ba ni lamba. Wata uku kana cin abincin Turawa. Ko karatun ya fi ƙarfinka ne?"

Lambar tana aljihuna. Da na karanta masa, da ya yi mini addu'a, ni ma in huta, satifiket ɗina kuma ba abin da zai taɓa shi. Na taɓa takardar. Na tuna abin gwajin ɗan kasuwar nan, na tuna baki goma sha tara.

"Yaya, ƙara mini kwana goma."

"Kwana goma! Kai tun kana yaro in aka aike ka sayen gishiri sai an gama tuwo."

Ya kashe wayar. Na kira Hajara don in sauke mata haushin, ashe ita ma da nata a dafe.

"Malam, ni fa ka ja mini abin kunya. Matar Liman har cewa ta yi, Hajara, yaushe kika zama mai bin diddigin sadakar mutane? Kai da aka haifa a garin nan, ka aike ni in tambayi mutum abin da ya bayar? Sanyin ne ya taɓa maka kai?"

"To ya zan yi? Matar nan shaida take so."

"Sai ka tambayi wanda aka ba mana. Wa ka taɓa gani an yi masa alheri ya ɓoye? Ai neman inda zai faɗa yake."

Na tsallake teku, na zauna gaban na'urar da ta fi gidanmu tsada, ga amsa a bakin murhuna.

"Malam, kana ji na?"

"Ina ji. Ina lissafin kuɗin jirgin da gwamnati ta yi asara ne, da ke aka turo."

"Ka ji da shi. Jibi akwai suna a gidan Malam Sabo, duk matan gari za su zo. Ka bar wayarka a buɗe."

Ranar sunan wayata ta kusa kamawa da wuta. Saƙon murya ya riƙa shigowa kamar fari. Ba wadda ta faɗi suna kawai ta yi shiru. Sai an ce, "Ni dai Ladidi ce ta ba ni, shekarar da ƙwari suka cinye nawa, Allah ya ba ta aljanna, Allah ya raya mata zuriya, Allah ya kai ta Makka ta dawo ta sake komawa." Suna ɗaya, addu'a minti uku. Maza da suka ji mata sun fara, su ma suka ɓalle a wurin Yaya bayan sallar azahar. Ina fassarawa, Arun yana jan layi daga gidan mai bayarwa zuwa gidan mai karɓa. Da ya gaji ya tambaye ni wannan doguwar maganar da ke bin kowane suna mece ce. Na ce rasit ne.

Kwana huɗu muka yi. Da muka gama, taswirar garinmu ta koma kamar an kifar da kwanon taliya. Muka saki ƙauyen ƙarya ya yi daminarsa dubu da waɗannan layukan a ciki, sai ja, alamar sabon iri, ya bi gari gida gida, ya tsallake duk ratar da muka bari wa ƙudan zuma kamar ba a yi ta ba. Gidan Yaya Habu ja wur. Matarsa ta karɓi ciko daga wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, bara da irinsu ya gaza.

Arun ya ce bari mu bi layin da baya mu ga ta inda ya fara shiga, don waɗanda suka sayi sabon iri da saninsu ba su kai su rina gari haka ba. Muka bi. Daga gida tara ya koma gida huɗu, daga huɗu ya koma Gwaggo Asabe. Layi ɗaya ne ya shiga gidanta, kuma saƙonta ne na ƙarshe da ban kai ga saurara ba. Na danna.

"Ni wa zai ba ni in ba Tankona ba? Shekara biyu ke nan, na same shi a gonar gwajin ofishinsu, na ce ɗan nan irina ya ƙare. Ya buɗe buhu ya cika mini bakin mayafi, ko aunawa bai yi ba. Na haɗa da ɗan ragowar kanannadona, duk fari ne. Albarkar da ya yi kuwa, ba wadda ban ɗibar wa ba. Allah ya yi wa Tanko albarka, Allah ya dawo mana da shi lafiya..."

Arun yana riƙe da alƙalami. "Wa ta ce?"

Na ce masa ya ba ni ruwa tukuna.

Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba ranar da na rubuta ba kowa. Hannu ya bayar, kai ya shafe, haka aka tarbiyyantar da mu. Sai da na ji muryarta na ga mayafin, ruwan ƙasa mai bakin zare, na ga hannuna a cikin buhu.

Ranar gabatar da aiki na tsaya gaban aji da kwat ɗin marigayi, na nuna taswira, na nuna ɗigon da ja ya fito daga cikinsa, na ce wannan ɗigon shi ne mai magana. Farfesa ta dubi allo, ta dube ni, sai ta yi dariya har da riƙe tebur. Ɗaliban da suka shekara uku a wurin sun ce ba su taɓa ganin haƙoranta ba. Ta ce za ta buɗe wa na'urarta sabon gurbi saboda garinmu. Na gode mata, amma hankalina yana kan wayar da ke jirana.

Na fita bakin wata magudanar ruwa na kira.

"Yaya, kada ka shuka irin da ke rumbunka."

"Taku nawa na tambaye ka."

"Ko daga garinmu zuwa Gezawa ka bari, ba zai yi ba. Gaurayen yana cikin irin tun bara. Ta hannun Gwaggo ya shigo."

"Ita Gwaggon a ina ta samu?"

Na gaya masa.

"Tanko."

"Na'am, Yaya."

"Wato jirgi aka sa ka, aka tsallaka teku da kai, don ka gano kai ne."

"Haka lissafin ya nuna."

"Da ka tsaya a gida ai da mari ɗaya na gano maka wannan. Yanzu gero ya kusa gwiwa. Me zan sa a ƙasa? Satifiket ɗinka?"

Na ce ya saurara, akwai sauran magana. A duk taswirar nan gida ɗaya ne ba layin da ya shiga, ba wanda ya fita. Yana zaune fari tas a gefe kamar ƙwai. Gonarsa ma can take bayan rafi ita kaɗai.

"Gidan wa?"

"Baba Ɗanjuma."

"Inna lillahi! Mutumin da ko kazarsa ba ta fita tsakar gida don kada ta yi wa wani ƙwai? Wanda ya shekara talatin bai ba kowa barkono ba?"

"Shi. Bai bayar ba, bai karɓa ba. Kanannadon kakanninmu a rumbunsa kaɗai ya rage."

"To kai da ka ɓata, kai za ka roƙa. Zan je in kai masa wayar."

Washegari da hantsi aka haɗa ni da Baba Ɗanjuma. Na durƙusa a kan titin Holand, Turawa suna kewaye ni da kekuna, na gaishe shi gaisuwar da ban taɓa yi wa mahaifina ba. Na yi bayanin kwamfuta, na yi na ƙudan zuma, na yi na mayafi. Ya bar ni na gama tsaf.

"Wato duk garin nan ni kaɗai ne mai hankali."

"Na'ura ma ta tabbatar, Baba."

"Ka ce Bature ya rubuta?"

"Da tambari."

Na ji yana wani tari mai kama da dariya. Sannan ya ce Habu ya zo da jaki da buhun da ba a gani ta cikinsa, ya biyo ta bayan gida lokacin da mutane ke kasuwa.

"Amma ka ji sharaɗina, Tanko. In na ji wannan magana a bakin wani, in aka ce Ɗanjuma ya ba da iri, gobe duk garin nan za su yi layi a ƙofata da mayafai. Kada a yi mini addu'a a bainar jama'a. Kada a gode mini a masallaci."

Yaya ya sa wakensa kwana shida bayan nan, ni kuma da kwas ya ƙare na mayar wa tsohuwa keken mijinta da kwat na kamo hanya. Da kaka ɗan kasuwa ya zo da abin gwajinsa, ya gwada, ya loda. Mutane suka yi ta tambayar Yaya inda ya sami iri mai tsabta haka, shi kuwa, mutumin da bai taɓa cin alherin wani ya yi shiru ba, sai ya kumbura kamar zai fashe ya ce Allah ne ya kawo. In an matsa masa ya nuno ni ya ce a tambayi ɗan Holand.

Ni ma ban faɗa ba. Ɗanjuman nan da kuka karanta, ba sunansa ke nan ba.